Takalmin Auta na Hagu

Babanmu ba ya fara kallon fuskar mutum, takalminsa yake fara kallo. Kafin baƙo ya gama sallama ya riga ya san ko mai gaggawa ne, ko mai jan ƙafa, ko wanda ƙugu ke damu yana ɓoyewa. Sana'arsa ke nan tun kafin a haife mu. Shagon ɗinkin takalma na hannu ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da kantin magani, akwatin gilashi a gaba, teburin aiki a tsakiya, sai ɗan ɗaki a baya inda ake jibge fatu da gwangwanayen gam. Mu uku ya haifa. Yaya ne babba, Baba ma Babba yake kiransa, shi ke kan teburin aiki. Ni ce ta tsakiya, ina kanta, wato teburin ciniki, ina karɓar masu saye, sunana kuwa a bakin Baba bai taɓa wuce "ke" ba. Sai Auta, wanda aka tura makaranta ya karanto kasuwanci, ya dawo mana da ƙamshin turare da iya tsara magana.

Akwai doka ɗaya a gidanmu da ko ranar da Umma ta rasu ba a karya ta ba. Duk ƙarshen mako kowa zai zuba takalmansa a wani babban kwando. Yaya ya kai shi shago, ya goge, ya shafa mai, ya ɗinke abin da ya yage, kashegari da safe ya jera su a gaban Baba. Shi kuma Baba ya ɗauki ɗaya bayan ɗaya, ya juya tafin sama, ya duba yadda ƙasa ta ci shi. Cewa yake takalman 'ya'yansa su ne allon tallarsa, ba zai yarda ɗansa ya ratsa titi da dunduniya a karkace ba, mutane su ce ga aikin ubansa nan.

Shi kansa Baba tun da na yi wayo na san shi da ƙafafu a sandare. Yana tafiya gwiwoyi na gogar juna, yatsu na share ƙasa, daga baya ya kama sanda, daga sanda ya koma kujera a bayan kanta da mayafi a cinya ko ana zafi. Idan an tambaya sai ya ce daga tsani ya faɗo yana saurayi. Tsanin nan ya sha canza tsawo a bakinsa, wata rana na gyaran rufi ne, wata rana na ɗaura allon shago, amma ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin yi masa gyara. Lokacin da tsayuwa a tebur ta gagare shi aka cire Yaya daga makaranta aka ɗora shi a gurbinsa. Yaya ya ajiye littattafansa ya kama aiki. Shi haka Allah ya yi shi, ko ƙafarsa ka taka shi zai fara ba ka haƙuri. Ya yi aure yana warin gam, ya haifi 'yan mata biyu yana warin gam, kuma duk takalmin da ya fita daga shagon nan aka yaba a gari hannunsa ne, ko da yake sunan Baba ake ambata.

Ni na fara jin abin kafin kowa ya gani. Ina zaune a kanta sai in ji wani ɗan sauti a kan siminti duk lokacin da Yaya ya tashi ɗauko kaya, kamar ana jan tsintsiya a hankali. Na yi masa tsiya na ce tsufa ne ya zo da wuri, ya yi murmushi. Sai wata rana ya ɗauko daurin fatu daga mota, dokin ƙofar da ya saba tsallakawa ido a rufe ya kama masa ƙafa, ya zube a gaban wani mai saye da matarsa. Auta ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba bai yi dariya ba, bai kuma tambaye shi ko ya ji ciwo ba. Takalmin Yaya ya zuba wa ido.

Matar Yaya ce ta matsa masa ya je asibiti. Aka yi ta juya shi daga wannan ɗaki zuwa wancan, aka ɗebi jini aka aika da shi wani wuri mai nisa, muka jira har muka fara mantawa. Da sakamako ya zo likitar ta ce tana so ta ga mahaifinsa da ƙannensa. Auta ya ce yana da ganawa da wasu 'yan kasuwa. Ni na tallafi Baba muka shiga tasi, yana mita tun daga ƙofar gida har ƙofar asibiti.

Likitar yarinya ce, ba za ta girme ni ba, kuma wannan kaɗai ya isa Baba ya ɗaure fuska. Ta yi bayani a hankali. Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace tana da tantani mai laushi a bayanta, a cikinta ma akwai wani tantanin. A cikin jijiya wannan tantanin na ciki ba a shimfiɗe yake zama ba, nannaɗe shi ake yi ya zama siraran bututu masu bin jijiyar tun daga tushenta har ƙarshenta, suna taimaka mata ta rayu. Abin da ke nannaɗe shi wani sinadari ne da ake kira furotin, kuma umarnin ƙera furotin ɗin yana cikin wata ƙwayar gado, kowa na da biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ta faɗi sunanta, haruffa ne da lamba, na rubuta a tafin hannuna, wankin yamma ya tafi da shi.

Yaya, wanda ba ya magana a gaban manya, ya tambaya ko abin kamar ƙafar katako ne da muke ɗora fata a kai ta ɗauki siffa. Likitar ta ce ya kusa, sai dai shi wannan ba daga ƙasa yake tallafar tantanin ba, cusa kansa yake yi a cikinsa kamar ɗan tsinke mai kauri, ya buɗa gefe ɗaya, dole tantanin ya lanƙwasa. Ta naɗe hankicinta a jikin biro ta nuna mana. Ta ce a jikin Yaya ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon nan biyu ta zo da kuskure, furotin ɗin ba ya wadatarwa, bututun ba sa tsayawa yadda ya kamata. Jijiyoyin da suka fi tsawo su ke fara gajiya, kuma ba wadda ta kai masu saukowa daga kai su bi ta gadon baya su kai saƙo ga ƙafafu. Shi ya sa ƙafa ke sandarewa, yatsu su fara share ƙasa.

Ta ce maganin warkewa babu tukuna, amma akwai motsa jiki da ƙwayoyin sassauta jijiya, kuma wanda ya fara da wuri ya fi cin moriyarsu. Ta ce hannuwa galibi ba sa taɓuwa, mai aikin hannu yana iya tsufa a kan aikinsa. Na ga Yaya ya dubi hannuwansa ya sauke ajiyar zuciya. Sannan ta juya wurin Baba cikin ladabi ta ce ciwon gado ne, duk wanda ke ɗauke da shi kowane ɗa da ya haifa tsakanin samu da rashi daidai yake, kuma ta lura da tafiyarsa lokacin da yake shigowa.

"Ni tsani ne ya kayar da ni," in ji Baba.

Ta ce za a iya tabbatarwa da ɗan jini kaɗan. Ya ce jininsa ba na raba wa yara ba ne, ya miƙo mini hannu in ɗaga shi. Auta da aka ba shi labari ya ce shi da ke buga ƙwallo duk yamma me zai kai shi gwaji. Ni ma ban yi ba, kuma ba wani dalili nake da shi ba sai tsoro.

Duk bayanin likitar nan, na hannuwa da na motsa jiki, Baba ya zubar da shi a tasi. Abu ɗaya ya ɗauko ya kawo gida, cewa a cikin 'ya'yansa akwai mai kyau akwai maras kyau, kuma shi ba ya buƙatar allura ya bambance su.

Kwana kaɗan bayan haka ya sa aka ja teburin Yaya daga tsakiyar shago aka cusa shi a ɗakin baya, inda taga ɗaya ce kuma warin gam na sa ciwon kai. Dalilinsa shi ne mai saye ba zai ga mai ɗinka takalmi yana jan ƙafa ya yarda ba takalmin ne ya jawo ba. Wannan magana ta fito daga bakin mutumin da ke lulluɓe da mayafi a bayan kanta. Na buɗe baki zan faɗa masa haka, Yaya ya girgiza mini kai. Daga nan aka ce ya daina shigowa ta ƙofar titi, ya riƙa zagayowa ta lungu, ta wajen bola, inda hanya duk rami ce. Mutumin da dokin ƙofa ke kayarwa aka ba shi hanyar da mai lafiya ma sai ya yi hankali.

Safiyar kwando kuwa ta zama zaman kotu. Baba zai ɗauki takalmin Yaya da yatsu biyu, ya juya, ya nuna mana yadda gaban tafin ya cinye har ya yi fari alhali dunduniya sabuwa, ya wurgar gefe. Sai ya ɗauki na Auta, ya shafa tafin da babban yatsa daga baya zuwa gaba, ya ce a dubi wannan, cin ƙasa daidai wa daida, ko da ma'auni aka yi sai haka. Yana faɗa yana kallon Yaya, ni kuwa na ɗauka gori ne kawai. Nawa takalmin bai taɓa juyawa ba. Da farko na ji sanyi a raina, daga baya na gane dalili, shago ba zai taɓa zuwa hannuna ba, don haka ƙafata ba ta shafe shi ba. Ni nake juya abina a ɗaki in ƙura masa ido har idona ya yi ruwa.

Auta ya samu wuri ya baje. Ba mugu ba ne tun asali, ɗan lele ne da ba a taɓa ce wa bari ba, amma sakamakon ɗaya ne. Na kama shi a ƙofar mai gyaran waya yana kwaikwayon tafiyar Yaya, gwiwoyi a haɗe, yana jan yatsu, samari na ƙyaƙyatawa. Na zage shi tas a bainar jama'a, ya ce wasa ne, ni ce ba ni da fara'a shi ya sa har yanzu nake gida. A teburin cin abinci ya fara zayyana tsare-tsarensa. Aikin hannu ya tsufa, takalman kamfani za a riƙa kawowa, a saka hotunansu a waya, ɗakin baya kuma ya zama ma'aji. Na tambaye shi to Yaya fa. Ya ce Yaya ya huta mana, ai ya yi ƙoƙari, kuma ba za a bar shi da yunwa ba. Baba ya gyaɗa kai ya ce ƙarshen wata zai damƙa wa Auta mabuɗan shago.

Yaya na wurin lokacin da aka faɗi haka. Ya ajiye cokali, ya ce Allah ya sanya alheri, ya tashi ya fita, muna jin sautin ƙafarsa har ƙofar gida. Baƙin ciki kamar ya kashe ni. Na san Yaya, ba yunwa yake tsoro ba. Tun yana yaro bai san wani wurin zama ba sai gaban teburin nan, idan aka raba shi da shi ban san me zai rage ba.

Ana saura mako guda a damƙa wa Auta mabuɗan, da azahar, na shiga ɗakin baya neman baƙin zare. Na tarar da shi ya ba ƙofa baya, ya kifa wani takalmi a kan ƙafar ƙarfe yana goga masa samfefa, takardar nan mai yashi, a hankali. Takalmin Auta ne, mai ruwan ƙasa, na hagu. A ƙasa kusa da ƙafarsa ga wani ɓallin tafi da ya yanke. Na sunkuya na ɗauka kafin ya taka shi. Gabansa ya cinye har ya yi fari.

Sai da na nemi gwangwanin gam na zauna. Ya ga ba makawa, ya faɗa mini. Tun bara ya lura, tun kafin nasa ya kai shi asibiti. Ƙafar hagun Auta ta fara jan ƙasa, kaɗan ne, shi kansa mai ƙafar bai sani ba, yana dai cewa filin ƙwallo ya lalace. Duk mako idan kwando ya zo hannunsa sai ya yanke wurin da ya cinye, ya ɗora sabon ɓalli, ya goge haɗin har ya ɓace, sannan ya bi tafin duka da samfefa da ƙasa yadda zai yi kama da wanda mai lafiya ya taka. Dabara ce da Baba ya koya masa tun yana koyon aiki, don masu kawo gyara da ba sa so a gane an yi gyara.

Na ce masa ya haukace. Na ce wannan yaron da yake rufa wa asiri shi ne ke kwaikwayon tafiyarsa a titi, shi ne zai mai da teburinsa wurin jibge kwalaye. Na tuna masa likita ta ce wanda ya fara motsa jiki da wuri ya fi amfana, ashe ba taimakon Auta yake yi ba.

"Na sani," ya ce. "Kullum sai in ce mako mai zuwa zan faɗa masa. Sai in ga yadda Baba ke kallonsa."

"To kai wa ke kallonka?"

"Ni tawa ta riga ta fito. Ki bar tsohon nan ya mutu yana ganin ya haifi ɗaya mai lafiya. Don Allah kada ki faɗa."

Ya ƙara da cewa shi bai riƙe Baba a zuciya ba, ai ba shi aka ƙi ba, ƙafar aka ƙi, ƙafa kuwa yin Allah ce. Da wannan yake lallashin kansa, na gani a fuskarsa. Ban yi masa alkawari ba, na ɗauki zarena, na saka ɓallin tafin a aljihun rigata.

Na yi ta juya abin a raina har ƙarshen makon. Lissafina mai sauƙi ne. Idan ƙafa ce ta kori Yaya, to Auta ma ƙafar gare shi. Idan duka biyun ɗaya ne, sai a koma ga wanda ya iya aiki, kuma wannan ko makaho ya san amsarsa. Na zaɓi yammacin da Auta ya fita kai kaya, ranar da Yaya ke zuwa asibiti motsa jiki. Shago ba kowa sai ni da Baba, yana ta gyangyaɗi a kujerarsa. Na ajiye ɓallin a kan kanta a gabansa, na ce na Auta ne, na hagu, na zazzage masa komai ban rage ba.  Na ce ya bar wa Yaya aikinsa.

Na shirya wa tsawa, na shirya wa a kira ni maƙaryaciya, har na shirya wa hawayen tsoho. Baba ya ɗauki ɓallin, ya ɗan matsa shi da farce, ya ajiye.

"Ke yanzu kika sani?" ya ce.

Na tambaye shi me yake nufi.

"Wa ya koya masa? Tun makon da ya fara na gani. Ɗinkin Babba ba ya ɓoye mini ko a cikin duhu."

Ya gyara mayafinsa, ya ci gaba da magana kamar mai ba da labarin farashin fata. Ya ce dabarar nan ba don masu kawo gyara aka ƙirƙiro ta ba, shi ya ƙirƙiro ta don ƙafarsa. Yana saurayi ya ga gaban takalminsa na cinyewa kamar na ubansa, ya zauna ya nemo mafita. Da ita ya nemi auren Umma, da ita ya yi shekaru a gabanta, kafin ta farga ta riga ta haifi biyu. Tsani kuwa bai taɓa hawa ba a rayuwarsa, tsoron bisa yake ji.

Na tambaye shi, in dai ya san Auta ma yana da shi, me ya sa yake wulaƙanta Yaya. Na riga na fara hango amsar, kuma ba na son ta.

"Auta idan ya shigo, uwarku nake gani," ya ce. "Wancan idan ya taso daga can yana jan ƙafa, ni nake gani. Na gaji da ganin kaina. Kafin na Auta ya fito fili na kwanta dama, ba ruwana."

Na ce masa Yaya ya ba shi ƙuruciyarsa, ya ba shi karatunsa. Ya ce ai ba wanda ya tambaye shi, ɗa na fari don haka aka haife shi. Ya ce in da Babba na da zuciya da tuni ya buga tebur ya nemi haƙƙinsa, shi kuwa ba zai bar shagonsa a hannun mutumin da ake mari yana godiya ba.

A nan na ji sautin nan a kan siminti, a bayana. Yaya bai je asibiti ba. Ranar kwando ce kashegari, bai gama aikin ba, sai ya fasa, ya zagayo ta lungu kamar yadda aka umarce shi, yana ɗakin baya tun kafin in buɗe baki. Yana tsaye a bakin labule, takalmin Auta na hagu a hannunsa, ƙurar samfefa a gemunsa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zama fayau haka ba. Ba fushi a cikinta, da ma fushin ne da na samu sauƙi. Ɗan abin da yake riƙe da shi, cewa ƙafar aka ƙi ba shi ba, an ƙwace a gabana, kuma ni na buɗe ƙofar.

Na zaci ko kunya za ta kama Baba. Ya dubi Yaya sama da ƙasa, ya miƙa hannu. Yaya ya tako, ƙafa na jan ƙasa, ya ratsa tsakiyar shagon da aka hana shi takawa, ya sa masa takalmin a hannu, don jikinsa bai san wani abu ba sai hakan. Baba ya juya tafin sama, ya kai shi kusa da hasken ƙofa, ya bi shi da babban yatsa.

Ya juyo gare ni ya ce ai na roƙa a bar masa aiki, to ga aiki. Mabuɗai na Auta ne, wannan ba ta canzawa. Amma zai ce wa Auta a bar wa Babba kusurwa ɗaya a ma'aji, da tebur, don kwandon gida. Muddin Auta na taka ƙasa, aikin ba zai yanke ba, ƙaruwa ma zai riƙa yi. Kuma duk wanda ya kai wa Auta wannan magana a cikinmu, bai yafe masa ba duniya da lahira.

Na dubi Yaya ina roƙonsa da ido. Ina so ya jefar da takalmin a titi, ya fasa gilashin nan, ya zagi wani ko da ni ce. Ina so ya ce shi zai faɗa wa Auta da bakinsa, gobe, ya kama hannunsa ya kai shi wurin likitar. Ƙofar titi a buɗe take, taku kaɗan ne tsakaninsa da ita. Ya dube ta, na ga ya dube ta.

Baba ya miƙa masa takalmin.

"Ka bar layin samfefa a gefen nan," ya ce. "Mai ido zai gani. Je ka gyara."

Yaya ya karɓa. Ya juya a hankali, yana dafa akwatin gilashi kada ya faɗi, ya nufi labule. Na kira shi, bai waiwayo ba. Wata mata ta leƙo tana tambaya ko takalmin mijinta ya yi, Baba ya washe baki ya yi mata maraba, ya ce ke, ɗauko wa baiwar Allah kayanta. Na durƙusa ina laluben ledar a ƙarƙashin kanta, idona ba ya ganin komai. Daga ɗakin baya na ji an ja kujera, sannan samfefa ta fara.